Johad

Johad (da rubutun Hindi: जोहड़) ƙaramar madatsar ruwa ce ta gargajiya da ake ginawa da ƙasa a arewa maso yammacin Indiya domin tare ruwan sama. An fi samunta a jihar Rajasthan, sai kuma Haryana da Punjab da yammacin Uttar Pradesh. Yawanci jinga ce mai siffar jinjirin wata da ake ɗagawa a ƙasan gangare, ta tare ruwan da ke gangarowa daga tudu lokacin damina. Ruwan da ya taru yana shayar da dabbobi, ana kuma wanka da wanki da shi, amma babban amfaninsa shi ne nutsewa cikin ƙasa a hankali har ya kai ga rijiyoyin ƙauye. Johad mallakar jama'a ce, su ke gina ta su ke kula da ita.

An yi watsi da yawancin johad a cikin ƙarni na 20, har laka ta cike su. Sunan ya sake fitowa tun daga shekarar 1985, lokacin da mutanen ƙauyen Gopalpura a gundumar Alwar suka yashe tsohuwar johad ɗinsu tare da ƙungiyar Tarun Bharat Sangh. Aikin ya bazu zuwa ɗaruruwan ƙauyuka, kuma ana danganta shi da dawowar wasu ƙananan koguna da suka daɗe a bushe, musamman kogin Arvari.

Suna da ire-irenta

Ma'anar kalmar tana ɗan sauyawa daga wuri zuwa wuri. A gabashin Rajasthan, inda akwai duwatsu da kwaruruka, johad tana nufin jingar ƙasa tare da ruwan da ke kwance a bayanta. A filayen Haryana da Punjab kuwa, inda ƙasa take shimfiɗe, ana kiran kududdufin ƙauye da wannan suna, wato ramin da ruwan sama ke taruwa a ciki a gefen gari. A wasu yankuna ana ce wa irin wannan wuri pokhar ko talab.

Mutanen yankin suna da sunaye ga sassanta. Jingar ana kiranta pal, filin da ruwa ke gangarowa daga cikinsa kuma ana kiransa agor. Masu gwanintar auna ƙasa da zaɓen wurin gini a al'adance su ne ake kira gajdhar, kuma sana'a ce da ake koyo ta hanyar bin gwani.

A gundumar Alwar ana bambanta johad da wasu gine-gine masu kama da ita. Bandh ta fi johad girma, ana datse ƙorama da ita daga wannan gaɓa zuwa wancan. Anikat ƙaramar madatsa ce ta dutse da siminti a cikin rafi. Medbandi kuma kunya ce mai tsawo da manomi ke ɗagawa a kewayen gonarsa don kada ruwa ya fice da taki.

Yanayin yankin

Rajasthan ce jiha mafi faɗin ƙasa a Indiya, tana da murabba'in kilomita 342,239, wato kusan kashi 10 cikin 100 na ƙasar baki ɗaya. Sai dai rabonta na ruwan koguna da tafkuna bai wuce kashi 1 da ɗoriya cikin 100 ba. Hamadar Thar tana yammacin jihar, jerin duwatsun Aravalli kuma ya ratsa ta daga kudu maso yamma zuwa arewa maso gabas. Gundumar Alwar tana cikin waɗannan duwatsu, tsakanin Delhi da Jaipur.

Ruwan da ke sauka a Alwar a shekara yana kai kimanin milimita 600 a matsakaici. Wannan ba ƙaramin ruwa ba ne, matsalar tana wajen yadda yake zuwa. Kusan dukkansa yana sauka ne tsakanin ƙarshen watan Yuni da watan Satumba, kuma kaso mai yawa yana zubowa a 'yan kwanaki kaɗan kamar da bakin ƙwarya. A kan dutse da tudun da ba shi da itatuwa, irin wannan ruwa ba ya tsayawa. Yana kwararowa da ƙarfi, ya kwashi ƙasa, ya wuce cikin sa'o'i. Daga nan sai a shiga watanni takwas ko tara ba ruwan kirki, ga zafin Afrilu da Mayu da kan haura digiri 40. Shekarun fari ma suna yawan maimaituwa. Johad amsa ce ga wannan hali: a tsayar da ruwan inda ya sauka, a ba shi lokacin shiga ƙasa.

Yadda ake gina ta

Zaɓen wuri shi ne matakin farko. Ana neman kwari ko gangare inda hanyoyin ruwa ke haɗuwa, wanda tudu ya riga ya kewaye shi ta wasu ɓangarori, domin jingar da za a ɗaga ta zama gajera. Ana duba irin ƙasar wurin. Idan yumɓu ne zalla a ƙarƙashi, ruwan zai kwanta bai nutse ba. Idan rairayi ne zalla, zai tsiyaye nan da nan. Ana kuma la'akari da inda rijiyoyi da gonaki suke, domin waɗanda ke ƙasa da madatsar su ne suka fi amfana.

Ana haƙo ƙasar ginin daga cikin wurin da ruwan zai kwanta, don haka aiki ɗaya yana ƙara zurfin tafkin yana kuma ɗaga jingar. Ana zuba ƙasar hawa-hawa, a jiƙa, a daddaɓe kowane hawa kafin a ɗora wani. Gindin jingar yana da faɗi sosai, tana tsukewa zuwa sama, kuma tsayinta bai cika wuce 'yan mitoci ba. A da ana yin aikin da diga da shebur da kwando, wani lokaci da taimakon raƙuma da shanu. Yanzu akan haɗa da tarakta. A wasu wurare ana jera duwatsu a fuskar da ruwa ke bugu, a shuka ciyawa a ɗaya fuskar don kada ruwan sama ya zaizaye ta.

Dole ne a bar mafitar ruwa a gefe ɗaya, ƙasa kaɗan da saman jingar, sau da yawa a kan dutse ko a gina ta da dutse da siminti. Idan tafkin ya cika, rarar ruwan ta nan take wucewa. Babban abin da ke karya madatsar ƙasa shi ne ruwa ya haura samanta, domin da zarar ya sami hanya zai yanka ta cikin ɗan lokaci. Wasu abubuwan da ke raunana ta su ne ramukan ɓeraye da tururuwa, da tsagewar ƙasa lokacin rani. Saboda haka ake zagaya jingar kafin faɗuwar damina a toshe duk wata kafa.

Girman johad ya danganta da faɗin filin da ke kawo mata ruwa. Lissafin mai sauƙi ne: milimita 1 na ruwan sama a kan hekta 1 daidai yake da kubik mita 10, wato lita 10,000. Idan aka ɗauki misalin fili mai hekta 100 da ya sami milimita 600, ruwan da ya sauka a kansa kubik mita 600,000 ne. Ko da kashi 10 cikin 100 ne kawai ya gangaro, madatsar za ta karɓi kubik mita 60,000 a damina guda.

Yadda take aiki

Ruwan da johad ta tare yana bin hanyoyi uku. Wani yana nutsewa cikin ƙasa, wani rana tana ɗauke shi ya zama tururi, wani kuma mutane da dabbobi suna amfani da shi. Wanda ya nutse yana bi ta rairayi da tsagogin dutse har ya tarar da ruwan ƙarƙashin ƙasa, ya ɗaga shi. Bayan wasu makonni ko watanni ake ganin alamar hakan a rijiyoyin da ke ƙasa da madatsar. Ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa rana ba ta cinsa, sauro ba ya haihuwa a cikinsa, kuma ƙasar da ya ratso ta tace shi. Shi ya sa a wurare da yawa ba a ɗora injin ban ruwa kai tsaye a kan johad, sai dai a jawo ruwan daga rijiya.

Idan johad ta yi yawa a kwari guda, ruwan ƙarƙashin ƙasa yana iya ɗagowa har ya kai daidai da gindin rafi. A lokacin sai ya fara tsattsafowa cikin rafin ko da an daɗe da ɗauke ruwan sama. Ta wannan hanya ce ƙoramar da a da ba ta gudu sai ranar da aka yi ruwa take komawa mai gudu na tsawon watanni.

Madatsar tana kuma rage ƙarfin ambaliya, tana tare ƙasar da ruwa ya kwaso daga tudu. Lakar da ke taruwa a gindinta taki ce mai kyau da manoma ke kwasa zuwa gona, maginan tukwane da masu yaɓen ɗaki su ma suna ɗiba. Kwashe lakar wajibi ne, domin idan ta yi kauri tana toshe kafofin da ruwa ke nutsewa, tana kuma rage zurfin tafkin. Inda ruwa ya janye da wuri, akan shuka alkama ko mastad a kan danshin da ya bari.

Tarihi

Adana ruwan sama tsohuwar al'ada ce a yammacin Indiya. A kufan birnin Dholavira da ke Gujarat, na zamanin wayewar kwarin Indus, an tono manyan tafkunan ajiyar ruwa. Wani rubutu da aka sassaƙa a dutse a Junagadh wajen shekara ta 150 Miladiyya yana ba da labarin gyaran madatsar tafkin Sudarshana, wadda aka fara ginawa tun zamanin sarki Chandragupta Maurya. Ƙananan madatsun ƙauye sun taso cikin wannan al'ada. Gina tafki ko yashe shi aikin lada ne a wurin mutanen yankin, kuma sau da yawa akan sami wurin ibada da manyan itatuwa a bakin ruwan. Akwai dokokin gargajiya da suka hana ƙazantar da filin da ke kawo ruwa ko sare itatuwansa.

Lalacewar tsarin ta zo ta hanyoyi da dama. A zamanin mulkin mallakar Birtaniya da na sarakunan yankin, an mayar da dazuzzuka ƙarƙashin ikon hukuma, aka sare itatuwa don katako da gawayi. Da tudu ya zama fili, sai zaizayar ƙasa ta ƙaru, laka ta riƙa cike madatsun da sauri. Bayan samun 'yancin kai a 1947, kula da ruwa ya koma hannun ma'aikatun gwamnati, hankali kuma ya karkata ga manyan dam-dam da hanyoyin ban ruwa. Filayen jama'a suka koma ƙarƙashin hukuma, mutanen ƙauye suka daina ɗaukar gyaran johad a matsayin nauyin da ke kansu.

Daga shekarun 1960 zuwa gaba, rijiyoyin burtsatse da injinan dizal da na lantarki suka yaɗu. Manomi ya sami ruwa ba tare da jiran aikin gayya ba, amma ana jan ruwan fiye da yadda yake komawa. Rijiyoyin gargajiya suka ƙafe, aka riƙa ƙara zurfin burtsatse, wanda ba shi da kuɗin haƙa ya rasa ruwa. Zuwa tsakiyar shekarun 1980, bayan fari na shekaru a jere, hukuma ta sanya yankin Thanagazi na gundumar Alwar cikin wuraren da ruwan ƙarƙashin ƙasa ya yi ƙarancin da ya kai matakin haɗari. Samari da yawa suka tafi ci-rani birane kamar Delhi da Jaipur da Ahmedabad, mata da 'yan mata kuma suna shafe sa'o'i wajen neman ruwa.

Johad ta Gopalpura

An kafa Tarun Bharat Sangh a 1975 a Jaipur, a hannun wasu ɗalibai da malaman Jami'ar Rajasthan. A ranar 2 ga Oktoba 1985, Rajendra Singh, wanda aka haifa a 1959 a Uttar Pradesh kuma ya karanci likitancin gargajiya na Ayurveda, ya isa ƙauyen Kishori a yankin Thanagazi tare da abokansa huɗu. Niyyarsu ita ce koyarwa da kula da marasa lafiya. Kamar yadda Singh ya sha faɗa, wani dattijo na ƙauyen Gopalpura ne ya nuna masa cewa ruwa ne abin da ya fi damun mutane, ya kuma kai shi wata tsohuwar johad da laka ta binne.

An shafe watanni ana haƙa da hannu. Da farko mutane kaɗan ne suka shiga, daga baya wasu suka biyo. Da damina ta zo madatsar ta kama ruwa, kuma rijiyoyin da ke kusa, waɗanda suka daɗe a bushe, suka fara kawo ruwa. Mutanen Gopalpura suka ci gaba da gyara wasu madatsun da gina sababbi, suka kuma kafa dokar hana sare itatuwa a tudun da ke kawo musu ruwa. Labarin ya bazu zuwa maƙwabta ta hanyar ziyarar dangi da kuma tattakin ƙafa da ƙungiyar ke shiryawa daga ƙauye zuwa ƙauye.

Ƙungiyar ta bi wata ƙa'ida: ba a fara aiki sai taron ƙauye, wanda ake kira gram sabha, ya amince, ya zaɓi wuri, ya kuma ɗauki wani kaso na nauyin ginin, ko da kuɗi ko da ƙarfin jiki. Wannan aikin sa-kai, mai suna shramdan, yana kama da aikin gayya. Dalilin ƙa'idar shi ne mutum ya fi kula da abin da ya zuba guminsa a ciki. Bisa alƙaluman ƙungiyar, an gina ko an gyara madatsu da makamantansu kimanin 8,600 a ƙauyuka sama da 1,000.

Kogin Arvari da majalisarsa

A 1986 mutanen ƙauyukan Bhaonta da Kolyala suka gina madatsa a mafarin kogin Arvari, wanda ya yi shekaru masu yawa ba ya gudu sai 'yan kwanaki a damina. Wasu ƙauyukan da ke kwarin suka bi sahu har madatsun suka kai ɗaruruwa. Daga 1990 kogin ya fara daɗewa da ruwa, kowace shekara yana ƙara watanni, kuma a tsakiyar shekarun 1990 ya yi gudu shekara cur. An ba da rahoton irin wannan sauyi a kogunan Ruparel da Sarsa da Bhagani da Jahajwali.

Dawowar ruwan ta jawo tambayar wane ne mai shi. A 1996 hukumar jiha ta ba wani ɗan kwangila izinin kamun kifi a kogin. Mutanen ƙauyen Hamirpur da maƙwabtansu suka ƙi yarda, suna cewa su suka dawo da ruwan da hannunsu, har aka soke kwangilar. Bayan wannan ne, a ƙarshen shekarun 1990, ƙauyuka kimanin 70 suka kafa Arvari Sansad, wato Majalisar Arvari, wadda ke zama sau biyu a shekara. Dokokinta sun haɗa da hana noman amfanin gona mai shan ruwa da yawa kamar rake da shinkafa, taƙaita jan ruwa kai tsaye daga kogi da inji, hana haƙa burtsatse mai zurfi, kare daji, da hana sayar da fili ga masana'antu daga waje. Majalisar ba ta da ikon doka a hukumance, ƙarfinta yana cikin yardar jama'a da jin kunyar saɓa wa abin da aka amince a taro.

Saɓani da hukuma

A ƙarƙashin dokar ban ruwa da magudanai ta Rajasthan ta 1954, ƙoramu da hanyoyin ruwa suna hannun gwamnatin jiha. A 1987 ma'aikatar ban ruwa ta aika da takardar cewa ginin Gopalpura ya saɓa doka, a rushe shi. Mutanen ƙauyen suka ƙi, daga baya aka janye umarnin.

An sake irin wannan a 2001 a ƙauyen Lava ka Baas, inda aka gina madatsar ƙasa a kan wani reshen kogin Ruparel. Hukuma ta ce ginin ba shi da izini, ba shi da aminci, kuma zai rage ruwan da ke isa gundumar Bharatpur bisa wata tsohuwar yarjejeniyar rabon ruwa tun zamanin sarakunan Alwar da Bharatpur. Masana da 'yan jarida suka shiga maganar, aka bar madatsar bayan an gyara mafitarta. A daminar 2003 ruwa mai ƙarfi ya fasa ta, abin da ya sake tayar da muhawara kan ingancin gini da kuma wanda ke da alhakin duba shi.

Wani rikicin ya shafi haƙar duwatsu a kewayen gandun dajin Sariska. Ramukan haƙar suna janye ruwan da madatsu suka tara. Tarun Bharat Sangh ta kai ƙara Kotun Ƙoli ta Indiya, wadda ta ba da umarnin dakatar da haƙar a 1991. A 1992 ma'aikatar muhalli ta tarayya ta fitar da sanarwar taƙaita irin wannan aiki a sassan Aravalli, aka rufe ɗaruruwan wuraren haƙa.

Amfani ga jama'a

A ƙauyukan da ruwan rijiya ya ɗago, manoma sun koma yin noma sau biyu a shekara: gero da masara a damina, alkama da mastad a lokacin sanyi. Ciyawa da ruwan sha sun ƙaru, don haka kiwon ɓauna da awaki da sayar da madara suka bunƙasa, musamman a tsakanin al'ummomin Gujjar da Meena da suka fi yawa a yankin. Tafiyar neman ruwa ta ragu, abin da ya ba 'yan mata damar zuwa makaranta. Wasu daga cikin 'yan ci-rani sun dawo gona. Namun daji da tsuntsaye ma suna shan ruwa a madatsun da ke bakin daji. Kuɗin gina johad kaɗan ne idan aka kwatanta da babban dam, kuma ba a tayar da gari domin ta.

Iyaka da suka

Johad ba ta ƙirƙirar ruwa, tana sauya wurin da yake tsayawa ne kawai. Abin da aka tare a sama ba zai isa ƙasa ba, don haka yawaitar madatsu a mafarin kogi yana iya rage ruwan da ke shiga tafkuna da gonakin da ke can gaba. Binciken da masanan ruwa C. J. Glendenning da R. W. Vervoort na Jami'ar Sydney suka yi a kwarin Arvari, wanda aka buga a 2010 da 2011, ya nuna cewa madatsun suna ƙara ruwan ƙarƙashin ƙasa kuma suna taimaka wa noman rani. Ya kuma nuna cewa suna rage gudun ruwa zuwa ƙasa, cewa amfanin kowace sabuwar madatsa yana raguwa idan sun yi yawa, kuma cewa fari na shekaru a jere yana cinye ajiyar.

Rabon amfanin ma ba daidai yake ba. Wanda ke da gona da rijiya kusa da madatsa ya fi wanda ba shi da fili samu. Idan ruwa ya ƙaru, wasu manoma kan faɗaɗa ban ruwa ko su haƙa burtsatse, a koma gidan jiya. Inda ruwan ya daɗe a kwance a fili, rana tana ɗauke kaso mai yawa, sauro kuma yana samun wurin haihuwa.

A Haryana da Punjab matsalar ta fi karkata ga ƙazanta da cin fili. Johad da yawa sun zama matattarar ruwan kwata da shara, wasu kuma an cike su an yi gini a kai. Kotun Ƙoli ta Indiya ta yanke hukunci a shari'ar Hinch Lal Tiwari a 2001 cewa ba a raba filin tafkin ƙauye don gina gidaje, a shari'ar Jagpal Singh ta 2011 kuma ta umarci jihohi su kori waɗanda suka mamaye filayen jama'a. Jihar Haryana ta kafa hukuma ta musamman mai kula da tafkuna bisa wata doka ta 2018.

Karramawa da manufofin gwamnati

A watan Maris na 2000 shugaban ƙasar Indiya K. R. Narayanan ya je kwarin Arvari ya miƙa lambar yabo ga mutanen Bhaonta da Kolyala. Rajendra Singh ya sami lambar Ramon Magsaysay a 2001 da lambar ruwa ta Stockholm a 2015. Marubuci Anupam Mishra ya tattara ilimin gargajiya na gina tafkuna a littafinsa na Hindi, Aaj Bhi Khare Hain Talaab, wanda ya fito a 1993. A 1997 cibiyar kimiyya da muhalli ta Delhi ta fitar da rahoton Dying Wisdom, wanda Anil Agarwal da Sunita Narain suka shirya, kan hanyoyin adana ruwa na gargajiya a faɗin ƙasar.

Gwamnati ta ɗauki wani ɓangare na wannan tunani. Dokar samar da aikin yi a karkara ta 2005 ta sa haƙa da yasar tafkuna cikin manyan ayyukan da ake biyan mutanen ƙauye su yi. A 2016 Rajasthan ta ƙaddamar da shirin wadatar da ƙauyuka da ruwa ta hanyar ƙananan gine-gine. A 2022 gwamnatin tarayya ta fara shirin Amrit Sarovar da nufin gina ko gyara tafkuna 75 a kowace gunduma. Ƙidayar wuraren ajiyar ruwa ta farko a Indiya, wadda aka fitar a 2023, ta lissafa sama da miliyan 2.4, kuma kimanin kashi 97 cikin 100 suna karkara.

Makamantanta a wasu wurare

A yankin Jaisalmer akwai khadin, doguwar jinga da ke tare ruwa a kan gona domin a yi shuka bayan ya janye. A Bihar akwai tsarin ahar da pyne, a Tamil Nadu akwai eri, a Siri Lanka kuma akwai jerin tafkunan ƙauye masu suna wewa, waɗanda ɗaya ke zuba rararsa cikin na gaba. A Sudan ana haƙa hafir don tara ruwan damina saboda mutane da dabbobi. A Jamhuriyar Nijar, musamman a yankin Tawa, manoma suna haƙa ƙananan ramuka masu siffar rabin wata a kan faƙo domin tare ruwa da farfaɗo da ƙasa, kuma hikimar ɗaya ce da ta johad, sai dai girmansu na 'yan mitoci ne. Kududdufan tsofaffin biranen ƙasar Hausa, irin na Kano, sun samo asali ne daga haƙar ƙasar gini, amma su ma suna karɓar ruwan damina suna rage ambaliya, kuma cike su da ake yi don gini ya yi kama da abin da ya sami johad a Haryana da Punjab.